Tsakuwa Huɗu a Cikin Ƙwarya

Duk shekara, idan ɗalibai suka kammala ƙaramar sakandare aka zo rabon azuzuwa, akwai wata magana da nakan ji, wadda ni ma bakina ya taɓa faɗa: "Ni dai bayoloji nake so, likita zan zama. Lissafin nan kiredit kawai nake nema in rabu da shi." Mai wannan magana ya ɗauki lissafi kamar shingen kan hanya, a ɗaga maka ka wuce, ba ka ƙara waiwayarsa. Bayoloji kuwa a wurinsa zane ne da hadda: a zana zuciya, a raɗa wa kowace jijiya suna, a haddace sassan fure, ranar jarrabawa a juye wa malami kayansa.

Ƙannena, maza da mata, da ku nake. Wanda ya tsere wa lissafi ya shige ilimin halittu ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Ba wai ina nufin zai sake haɗuwa da shi a jarrabawar jami'a kawai ba. Zai tarar da shi a bakin gadon majinyaci, da gona, da ɗakin gwaji, kuma a can idan ya yi kuskure ba jan biro ne sakamakon ba.

Akwai wasu ma'aurata a danginmu, dukansu masu nau'in jinin AS. Sun san haka tun kafin aure, an kuma gaya musu a asibiti cewa "ɗaya cikin huɗu" na iya zuwa da sikila. Ɗansu na fari ya zo da ita. Ranar da muka je dubiya, lokacin kwanciyarsa ta farko, wata gwaggonmu ta dafa uwar ta ce: "Kwantar da hankalinki, 'yar nan, ai an wuce wurin. Ba ɗaya cikin huɗu suka ce ba? To ɗayan ya zo, sauran ukun lafiya lau." Da zuciya ɗaya ta faɗa, kowa a ɗakin kuma ya gyaɗa kai, har da mijin, wanda ya ci bayoloji da kyakkyawan sakamako a WAEC. Ni ma ban ce uffan ba, don a lokacin ban ga aibin maganar ba. 'Yar da ta biyo baya ita ma da sikilar ta zo.

Ba bayoloji ne ya kuɓuce mana a ɗakin nan ba. Duk mun san uwa na ba da A ko S, uba ma haka, mun san haɗuwar na iya zama AA, ko AS ta wajen uwa, ko AS ta wajen uba, ko SS. Abin da ba mu gane ba shi ne ma'anar "ɗaya cikin huɗu". Ku ɗauki ƙwarya ku zuba tsakuwa huɗu, uku farare ɗaya baƙa. Ku rufe ido ku zaro ɗaya. Sai ku mayar da ita, ku girgiza, ku sake zarowa. Mayarwar nan ita ce duk maganar. Gwaggonmu ta zaci idan baƙar ta fito sau ɗaya an jefar da ita ke nan, alhali a kowane ciki tsakuwa huɗun nan suna nan cif. Ƙwarya ba ta tuna abin da aka zaro jiya.

Da zarar kun riƙe wannan, sauran aikin ninkawa ne. Yiwuwar yaro ya tsira uku cikin huɗu ce. Yiwuwar yara huɗu a jere su tsira duka, sai a ninka uku bisa huɗu sau huɗu, a sami 81 cikin 256. Wato idan aka tara irin waɗannan gidaje 100 masu 'ya'ya huɗu-huɗu, kusan 32 ne kawai ba za su ga sikila ba. Kusan 68 za su sami aƙalla ɗa ɗaya mai ita. Saurayi da budurwar da aka ce wa "ɗaya cikin huɗu" za su iya kaɗa kai su ce ba komai. Da an ce musu gida biyu cikin uku, ina jin da sun sake zama sun yi shawara. Bayanin ɗaya ne, amma sai mai lissafi ke iya juya shi zuwa tambayar da ta dami iyali. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na nau'in jini. Abu ya yi kyau. Sai dai takardar sakamako ba ta magana. Wani ne zai zauna ya fassara ta ga mutum biyu masu son juna, kuma gobe ku ne wannan wanin. Kada kuma wani ya ce muku irin wannan ƙiyasi ja ne da ƙaddara. Matar da ta ga hadari ya haɗo ta kwashe shanyarta ba ta musanta ƙaddara ba.

Daga ina ma aka samo wannan ɗaya cikin huɗun? Daga lambun wata majami'a a garin Burno, a ƙasar Cek ta yanzu. Wani malamin coci mai zaman zuhudu, Gregor Mendel, ya kwashe daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar wani irin waken Turawa. Ba shi ne farkon wanda ya yi haka ba. Manoma da masu lambu sun daɗe da lura cewa wani lokaci kama takan ɓace a 'ya'ya ta sake ɓulla a jikoki. Mu ma ai mukan ce yaro ya ɗebo kakansa. Abin da ya bambanta Mendel shi ne ya karanci lissafi da kimiyyar fizis a jami'ar Biyana, don haka da ya ga kamar ta dawo bai tsaya ga mamaki ba, sai ya zauna ya ƙirga. Ya sami ƙwayoyi 5,474 masu sumul, 1,850 masu yamushi. A wani gwajin ya sami 6,022 rawaya, 2,001 kore. Ku raba babban da ƙaramin a kowanne, za ku ga kusan uku ne da ɗaya. Daga wannan rabo ya gano cewa dole kowace shuka tana ɗauke da wani abu guda biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma ɗaya kaɗai take miƙa wa na baya. Bai taɓa ganin abin da ido ba, ba kuma madubin da zai nuna masa shi a zamanin. Alƙaluma ne suka tona asirin. Ya wallafa aikin a 1866, masanan tsirrai na lokacinsa suka yi ko-in-kula da shi, ya mutu a 1884, sai a 1900 aka tono takardar aka gane abin da ke ciki. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A lambun Mendel, ƙirge ne ya riga gani.

Nakan yi murmushi idan na tuna kalma ɗaya muke amfani da ita ga dukiyar mamaci da kuma kamannin iyaye: gado. Duk wanda ya taɓa zama inda malami ke rabon gado ya ji ana ambaton sumuni da sudusi da rubu'i, ana neman adadin da zai rabu ba tare da an zalunci kowa ba. Alkawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, ya keɓe kaso mai tsoka na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. Don haka ɗalibin da ya ce ɓangarorin lamba baƙon abu ne da boko ya kawo, bai leƙa zauren unguwarsu ba.

Mu ɗan faɗaɗa ƙwaryar daga gida ɗaya zuwa ƙasa. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Idan ana aure ba tare da duba jini ba, yiwuwar miji da mata su zama AS dukansu ita ce kwata sau kwata, ɗaya cikin 16. A sake ninkawa da kwatan da muka sani, a sami ɗaya cikin 64. Da fensir kawai, ba ku shiga asibiti ko ɗaya ba, kun matso kusa da abin da ake gani a zahiri, wato kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari, abin da ya sa ake ƙiyasta jarirai kusan 150,000 a shekara. Ƙaramin bambancin da ya rage shi ma yana da abin koyarwa: lissafinmu bai sa masu SS da ke haihuwa ba, bai sa auren zumunci ba, wanda ke ƙara yiwuwar haɗuwar iri ɗaya. Irin wannan tunani ne wani masanin lissafi ɗan Ingila, Hardy, da wani likita Bajamushe, Weinberg, suka tsara a 1908, kowa ta hanyarsa. Za ku haɗu da sunayensu a jami'a. Kada su firgita ku, ninkawa ce.

Mai kaifin hankali zai tambaya: abin da ke kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa tun zamanin kakanni? A 1954 Anthony Allison, da ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Abin da sikila ke ɗebewa ta hannun hagu, sauro na mayar da shi ta hannun dama, sai aka tsaya a wani ma'auni. Wannan kuwa ya kawo mu kan sauro, inda a ganina lissafi ya fi nuna bajintarsa, ya kuma fi shan kunya.

A watan Agusta na 1897 wani likitan sojan Ingila a Indiya, Ronald Ross, ya ga ƙwayar maleriya a cikin tumbin sauro. Ya karɓi kyautar Nobel a 1902. Amma da ya ce a yaƙi sauro don a rage cutar, mutane suka yi masa dariyar da ku ma za ku yi: wa zai iya ƙarar da sauro? Ross mutum ne mai son lissafi, da shi kuma ya ba su amsa. Ya nuna cewa ba sai an ƙarar ba. Cuta na dawwama a gari ne idan kowane mai ita yana jawo, a matsakaici, aƙalla mutum ɗaya ya kamu. Idan aka rage sauro har wannan adadi ya faɗo ƙasa da ɗaya, cutar za ta yi ta ƙanƙancewa da kanta, ko da sauro na kuka a kunne. Wannan ba abu ne da madubin likita zai nuna ba.

A shekarun 1950 George Macdonald ya ƙara wa aikin wani ginshiƙi. Ƙwayar maleriya tana buƙatar kwana goma zuwa sha huɗu a jikin sauro kafin ta isa yawunsa, sauro kuma ba mai tsawon rai ba ne. Tsofaffin sauro ne kawai ke yaɗa cuta. Ku gwada da kanku. A ce kowace rana sauro 90 cikin 100 ke kai gobe. Ku ninka tara bisa goma sau 12, za ku ga kusan 28 ne za su kai kwana na sha biyu. Yanzu a ce feshi a bango ya sa 80 ne ke kai gobe. Ku sake ninkawa: kusan 7. Ɗan ragi kaɗan a rana, ga masu haɗari sun koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne hikimar fesa magani a bangon ɗaki inda macen sauro ke hutawa bayan ta sha jini, shi ne kuma dalilin sa magani a gidan sauro maimakon a bar shi zallar raga.

Inda aka kai wannan lissafi gaban alƙali ba a Landan ba ne, a ƙasar Hausa ne. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani gagarumin bincike a gundumar Garki, ba ta Abuja ba, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Ma'aikata suka riƙa bi ƙauye-ƙauye suna ɗibar jini a yatsa duk bayan mako goma, wasu suka riƙa kwana suna kama sauron da ya zo cizo, ana ƙirgawa ana fedewa. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa wani magani mai suna propoxur a ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da rabon ƙwayoyin maleriya ga jama'a. Feshin ya karya ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kusan kashi 90 cikin ɗari. Wa zai ji haka bai ce an gama ba? Amma yawan masu ƙwayar a jini, inda feshi kaɗai aka yi, da kusan kwata kawai ya ragu. Inda aka haɗa da magani ya yi ƙasa sosai, amma yaɗuwar ba ta yanke ba, da aka daina kuma cutar ta komo.

Ku tsaya a nan ku yi tunani, don wannan shi ne wurin da hankalin yau da kullum ke yaudarar mutum. Mun saba da cewa idan ka rage itace da rabi, wuta ta ragu da rabi. Halittu ba haka suke ba. A ce mutum yana samun cizo mai cuta sau ɗari a damina, ka mayar da shi goma. Ka yi aiki babba, amma goma ɗin ma sun isa su kwantar da shi. Sai an matso kusa da iyakar nan ta Ross, inda adadin masu kamuwa daga mutum ɗaya ke faɗowa ƙasa da ɗaya, kafin ragin ya fara bayyana sosai a jikin jama'a. Sannan masu binciken suka lura da wani abin da tsohon lissafi bai sa a ciki ba: ba duk sauro ke hutawa a bangon ɗaki ba, wasu sukan ciji mutum su fice waje, feshi bai taɓa su ba. Lissafin ya ɗauka duk sauro halinsu ɗaya, sauron Garki kuma bai karanta littafin ba. Klaus Dietz da Louis Molineaux da wani abokin aikinsu suka fitar da sabon tsarin lissafi a 1974 wanda ya sa garkuwar jiki a ciki, aka kuma wallafa cikakken rahoton a 1980. Har yau masu nazarin maleriya a jami'o'in duniya suna gwada lissafinsu da alƙaluman da aka tattara daga yatsun manoman Garki. Yana ba ni takaici in tambayi ɗalibin kimiyya ɗan Jigawa labarin nan ya ce bai taɓa ji ba.

Don haka kada ku fahimce ni a baibai. Ban ce mai lissafi ya fi mai shiga gona da asibiti ba. Lambobin da aka gina a kan zato maras tushe sun fi jahilci haɗari, don suna zuwa da kwarjini. Wanda ya gano cewa sauron na kwana a waje, mutum ne da ya hana idonsa barci yana farautarsa a rumbu da ramuka. Amma shi ma da bai ƙirga ba, da labari kawai zai kawo.

Sauran misalan ba sa ƙarewa, zan taɓa biyu in wuce. Akwai ƙwayar bakteriya da ke rabuwa biyu duk minti 20 idan ta sami ɗumi da abinci. Guda ɗaya, cikin awa takwas, ta ninku sau 24, ta haura miliyan 16. Shi ya sa abincin da aka bari a zafin bazara yakan yi kamar lafiya lau da hantsi, kafin la'asar ya juya. Shi ya sa kuma annoba takan yi kamar wasa a makon farko. Ga kuma ƙyanda: yaro ɗaya mai ita zai iya shafa wa 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya. Ku ɗauki 15. Don a mayar da adadin ƙasa da ɗaya, sai an kare fiye da 14 cikin kowane 15. Daga nan aka samo maganar da ma'aikatan lafiya ke nanatawa ta a yi wa kashi 95 cikin ɗari rigakafi. Ba wani ne ya zaɓi lambar don ta yi masa daɗi ba.

To wane lissafin nake roƙon ku riƙe? Ba mai yawa ba ne a farko. Ɓangarorin lamba da kaso cikin ɗari, har ya zama idan an ce a ba yaro miligiram kaza ga kowane kilo na nauyinsa, hannunku ba ya rawa. Sifiri ɗaya a inda bai kamata ba ninki goma ne a cikin sirinji. Sai babin yiwuwa, wanda malamai da yawa kan bari sai ƙarshen zango a bi ta kansa a guje. Ku matsa a koya muku shi, ko ku nemi wanda ya iya. Sai ninki-ba-ninki da logaridim, da karanta jadawali da zanen alƙaluma. Idan kun kai jami'a ku ba ilimin ƙididdiga haƙƙinsa, don shi ne zai hana ku yarda da mai cewa ya ba mutum biyar magani duk sun warke, ba tare da kun tambaye shi mutum nawa ne za su warke ko ba a ba su komai ba. Wanda kuma ya ce kansa ba ya ja, ya tuna shi ne ke lissafa canjin mai kanti tun kafin mai kantin ya taɓa na'ura. Yawanci ba kai ne ya gaza ba, an tsallake wani mataki ne tun a firamare, kuma komawa baya a gyara shi ba abin kunya ba ne.

Kafin damina ta sauka, ku je wurin buhun irin da za a shuka a gidanku, gero ko dawa ko wake. Ku ƙirga ƙwaya 100, ku jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, ku naɗe, ku ajiye a inuwa kuna yayyafa ruwa. Ku yi haka kashi uku daga buhu ɗaya. Bayan mako guda ku buɗe ku ƙirga waɗanda suka tsiro, ku rubuta. Da wuya ƙwarai lambobin ukun su zo ɗaya. Sai ku sake ɗibar kashi uku daga buhun maƙwabcinku, su ma ku rubuta, sannan ku zauna da takardar ku yanke hukunci: bambanci nawa za ku gani tsakanin buhunan biyu kafin ku iya duban mahaifinku ku ce masa irin maƙwabci ya fi nasa?